Man da Ya Ƙi Fita Daga Turmina

Shekaranjiya da hantsi ina shanya a tsakar gida sai ƙamshin man shanu ya tsallako katanga daga gidan maƙwabta. Soya shi ake yi da albasa, domin an yi musu haihuwa, mai jego ake yi wa. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya gangaro mini gwiwar hannu. Na shiga ɗaki na fito, na ɗauki tsintsiya na ajiye, na rasa abin da nake nema. Tun da ciwo ya kada maigidana bara haka na koma, ƙamshi kaɗan sai ya hana ni zama wuri ɗaya. Bari dai in daure in zauna yau, in gaya maka inda abin ya samo asali.

An haife ni a wani ƙauye cikin ƙasar Gangara, kudu da Gazawa, inda in ka miƙe da amalanke ba ka daɗewa za a ce maka ka kusa iyaka. A gidanmu akwai Baba da Inna da mu yara, sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ɗakinta ke kusa da rumbuna. Akwai kuma Gwaggo, ƙanwar Baba. Aure take a unguwar gaba, amma kusan kullum tana gindin uwarta.

Man da muka tashi da shi duk mun san inda ya fito. Akwai kitsen ragon Layya, wanda ake narkawa a zuba a ƙaramar tukunya ya daskare, a riƙa yankar kaɗan ana sa wa miya. Akwai man shanu, wanda wata Bafillatana ke kawowa daga ruga, curi-curi farare suna yawo a kan nono cikin ƙwarya. Ita da Kaka ba su cika yin magana mai tsawo ba. Ta sauke ƙwarya, Kaka ta auna mata hatsi da dusa, su zauna su ɗan taɓa hira kan ruwan sama da lafiyar shanu, ta tashi. Ran nan tuwonmu na dare daban yake, cokali ɗaya na soyayyen man shanu a kan miyar kuka, yaro ya suɗe kwano har a ƙwace. Amma man yau da kullum shi ne man gujiya, wanda 'yan'uwanmu na hayin iyaka ke kira man gyaɗa. Wannan kuwa aikin Kaka ne, duk unguwa an sani.

Idan aka cire gujiya bayan damina, aka shanya ta bushe, gidanmu sai ya koma wurin aiki guda. Kaka takan shimfiɗa tabarma gindin iccen bedi, ta tara mu mu ɓare. Yatsu su yi ja, mu riƙa satar ɗaya-ɗaya muna jefawa a baki, tana gani ta yi kamar ba ta gani ba. Bayan ɓara sai tsinta, kuma tsinta ba ta bar wa kowa. Ƙwaya ɗaya-ɗaya take bi a faifai. Wadda ta yamushe, wadda ta yi baƙi, wadda ta yi fumfuna, duk gefe. Mai fumfunar ko awaki ba ta yarda a ba, cikin wuta take watsa ta. Daga nan a soya a babban kasko da rairayi, ana juyawa ba tsayawa, a murje, a bushe jan ɓawon ya tashi ya manne mana a gashi da gira. Inna da Gwaggo su kama taɓare su yi ta daka har gujiya ta koma kamar kwaɓaɓɓen yumɓu.

Sai a zo wurin da nake so tun ina ƙarama. Inna ta riƙe muciya da hannu biyu tana tuƙawa a cikin turmi, Kaka na zaune a kan kujera 'yar tsugune da tukunyar ruwan zafi a gefenta da ƙaramin ludayi. Ta zuba kaɗan, ta jira. Ta sake zubawa, ta jira. Can sai ka ga abin ya canja kama, ya yi duhu, ya dunƙule, mai ya fara tsattsafowa ta gefe kamar gumi, kafin ka ankara ya kwanta a sama ja-ja yana sheƙi. A kwashe, a matse sauran a kan dutsen niƙa, tunkuzar da ta rage a mulmula ƙuli-ƙuli a soya cikin man nan nasa. Kwana biyu ana jin ƙamshin a tufafinmu. Na sha tsoma yatsa a man yana da ɗumi in lasa, Kaka ta buge mini hannu ba da ƙarfi ba.

Ina aji na huɗu a lakol, wato makarantar boko, Baba ya dawo daga fatauci da wani bido rawaya, jarkar mai, a bayan keke. Aka kewaye shi kamar baƙo. Ya buɗe ya tsiyaya a kofi, mai ne fari tas, kana hango gindin kofin ta cikinsa. Inna ta shinshina, ta ce ba ya warin komai. Murna ce a fuskarta, kuma ban ga laifinta ba har yau. Matar nan ita ke daka, ita ke tuƙi, ga goyo, ga ɗibar ruwa, ga gona. Bayan kowace matsar mai sai ta kwana biyu tana dafe ƙirji da kafaɗa. Ga shi an kawo mata mai wanda babu abin da za ta yi masa sai buɗe murfi.

Aka miƙa wa Kaka kofin. Ta shinshina, ta ɗanɗana a harshe, ta daɗe tana juya shi a baki.

"Wannan ɗiyan wane icce ne?" ta tambayi Baba.

Ya ce shi ma bai sani ba, an dai ce a kamfani ake yin sa, kuma shi mutanen birni ke ci.

"To," in ji ta. Ta mayar masa da kofinsa.

Daga ranar tukunya ta rabu biyu a gidanmu, ba tare da an yi faɗa ba. Inna na girki da man bido. Kaka takan sa a ɗibar mata miya tun kafin a zuba mai, ta kai ɗakinta ta ɗiga nata daga wata tsohuwar kwalba. Man bido ya zo da wani abu kuma da ba mu saba da shi ba, wato yawa. Da can cokali ake aunawa, domin kowa ya san wahalar da aka sha kafin ya fito. Yanzu sai a karkata bido. Soye-soye suka yawaita, fanke da ƙosai da taliya mai mai da yaji. Mu yara muka ga duniya ta gyaru.

Kaka ba ta daina matsa ba, sai dai ta rage. Inna ta janye hannunta, aikin ya koma kan Gwaggo da ni. Ni ce babbar jika mace, kuma na lura ta fara ja na kusa. Ranar da ba lakol sai ta ce in zauna nan kusa da tukunyar ruwa in riƙa kallo. Ni kuwa ƙawayena na waje suna wasan gaɗa, ƙafata na ƙaiƙayi.

Abin da ya raba ni da turmin ƙarami ne. Wata safiya na taya ta kwasar ƙuli-ƙuli kafin in tafi, na saka 'yan guda biyar a jakata ban naɗe su da kyau ba. A aji mushe, malaminmu, ya ce a fito da kaye, wato littafin rubutu. Ya karɓi nawa, ya ɗaga shi sama wajen taga, rana ta ratsa ta cikin shafin saboda maiƙo, rubutun duk ya dagule. Ya tambayi aji ko wannan littafin karatu ne ko takardar mai tsire. Aka yi dariya. Da aka fita hutu 'yan matan da iyayensu ke aikin buro, wato ofis, suka riƙa toshe hanci idan na matso, suna cewa ga mai ƙuli ta iso. Sunan ya bi ni har ƙarshen shekara.

Da na koma gida ran nan na tarar da Kaka ta baza gujiya a faifai. Ta ce in ajiye jaka in zo.

Na ce, "Ni ba zan ƙara taɓa turmin nan ba. Aikin mutanen da ne. Kowa ya waye sai mu."

Shekaruna ba su wuce goma sha ɗaya ba. Inna ta daka mini tsawa daga madafa, Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta dube ni, ta ci gaba da tsintarta. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wurin Baba ba. Kuma ba ta sake kirana wurin turmi ba, ko sau ɗaya. Takan ajiye mini ƙuli-ƙulina kamar yadda ta saba, in karɓa in ci a ɓoye. Ina kwaleji a Agye aka aiko cewa ta rasu. Kafin in iso an riga an kai ta.

Shekaru suka wuce. Na yi aure a Gidan Rumji, can yamma da Maradi, wurin wani ɗan kasuwar hatsi, mutumin kirki mai son dariya da son abinci. Na haifi 'ya'ya biyar, duk da man bido na raine su, ko na ƙulli a leda idan hannu ya yi ƙasa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina yake ba. Ina da kaskon suya wanda man cikinsa ba ya ƙarewa. In soya kifi yau, in tace, gobe in ƙara sabo a kan tsohon in soya dankali, jibi fanke. Ya yi duhu ya yi kauri, ni dai ina ganin tattali nake yi. Maigida kuwa wuni yake a kasuwa. Karin safe ƙosai da fanke a bakin tasha, da rana soyayyen nama, da la'asar awara. Ya yi jiki, mutane suna cewa aure ya karɓe shi, ni ma ina jin daɗi.

Bara cikin bazara, ranar kasuwa, wajen azahar aka turo a gaya mini ya faɗi a gaban buhunansa. Ban san yadda na sa hijabi ba, ban san wanda ya tsayar mini da babur ɗin kabu-kabu ba. Na same shi a gidan likita kwance, idonsa buɗe, yana magana amma harshen ya yi nauyi. Aka ce tansiyo ne, jininsa ya hau sosai, Allah ya taƙaita. Kwana uku muka yi. Ranar sallama lokotoron, wato likitan da ya duba shi, ya kira ni gefe ya tambaye ni abin da maigida ke ci, na lissafa masa tun daga safe har dare.

Ya ce, "Madam, ban ce mai ne kaɗai ya kawo wannan ba. Akwai gishiri, akwai ƙiba, akwai gado. Ƙwayoyinsa kullum, kada ya tsallake. Amma suyar nan ta bakin hanya, da man da ake maimaitawa har ya yi baƙi, a bar su. A rage mai ƙwarai. Ɗan abin da za ki sa, in da hali, ya zama wanda kika san yadda aka yi shi. Ko man shanu ne, kaɗan."

Na dawo gida na tsaya a kan kaskona. Na karkata shi, baƙin man ya gangaro a hankali kamar kwalta. Na haƙa rami bayan gida na zubar.

Daga nan wahalar ta fara. Na koma dafa masa abinci ba mai, gishiri kaɗan. Ya ci loma biyu ya ture kwano. Mutumin da ke cika gida da dariya ya koma shiru, yana ramewa, yana fushi da yara ba dalili. Bayan sati uku ya koma kasuwa, kuma ran nan da ya dawo na ji warin suya a rigarsa. Na tambaye shi, bai musa ba.

Ya ce, "Yunwa nake ji. Abincinki ya koma kamar na marar lafiya."

"Ai marar lafiyar ne kai, Alhaji."

"To in ciwo bai kashe ni ba wannan zai kashe ni."

Gaskiyarsa ce, domin na ɗanɗana miyar ni ma. Man bido idan ka sa kaɗan ba a jin komai, sai ka tuttula da yawa kafin baki ya san an sa. A nan ne na tuna kwalbar Kaka. Ɗigo uku take yi wa miyarta ɗakin ya cika da ƙamshi. Na ce a raina, da zan sami irin wannan, cokali ɗaya zai ishi kwanonsa, ya ci ya ƙoshi a gida, ya daina tsayawa bakin tasha.

Na shiga kasuwa neman man gujiya. Akwai shi a kwalabe, amma na farko da na saya ƙamshinsa sama-sama ne, wata maƙwabciyata ta ce wasu sukan gauraya shi da na bido don ya yi auki. Ban san gaskiyar maganar ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Sai na ce ai ni jikar mai mai ce, na ga ana yi sau ba adadi. Na aika aka sayo mini tiya uku ta gujiya daga wajen Sae Sabuwa. Na soya, na murje, na kai inji aka niƙa, na ajiye har washegari saboda baƙi da na yi. Da safe na zuba a turmi, na kwarara ruwan zafi, na kama tuƙi. Na tuƙa har kafaɗata ta mutu. Abin ya koma kamar kunu, ko ɗigon mai babu. Karo na biyu na rage ruwa, amma na bar gujiyar ta ƙone a kasko, ɗan man da ya fito ɗaci gare shi. Na zauna a tsakar gida da maiƙo har gwiwar hannu, na ji kuka ya zo mini.

Na kira Inna a waya, tana wurin ƙanena a Maradi. Na tambaye ta ruwa nawa ake zubawa. Ta yi dariya irin ta tsofaffi, ta ce ita ba ta taɓa sani ba.

"Ni daka ce tawa da tuƙi. Ruwan kakarku ke zubawa. In akwai wanda ya ɗauka, Gwaggonki ce. Amma kin san idonta ya tafi."

Kwana biyu ina kai da kawowa. Damina ta kusa, hanya da nisa, ga maigida da ba na so in bari. A rana ta uku na damƙa wa babbar ɗiyata ƙwayoyin ubanta da tukunya, na ƙulla gujiyata a buhu, na shiga mota. Muka wuce Tibiri, muka canja mota a Maradi, muka bi ta Agye har Gazawa. Duk tsawon hanyar idona na kan gonaki, an share su ana jiran ruwa, ni kuwa ina ta gyara zama kamar akwai ƙaya a kujerar. Daga Gazawa babur na hau. Na isa ƙauyenmu bayan la'asar. Ko a 'yan teburan bakin masallaci ƙulle-ƙullen man bido ne a rataye.

Na sami Gwaggo a ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance har na kusa wuce ta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa fuskata da hannu biyu.

"Mi ya kawo ki ba biki ba rasuwa?"

Na gaya mata komai, tun daga faɗuwar maigida har kunun da na yi a turmi. Ta saurara kanta a sunkuye. Matar ɗanta, wadda ke kula da ita, ta ja ni gefe ta ce kada in wahalar da tsohuwa, wata biyu ke nan ba ta cin abin kirki, fura kaɗan take kurɓa ta ce ta ƙoshi. Gwaggo ta ji mu.

Ta ce, "A nemo turmi. Gobe da hantsi."

Da gari ya waye ta sa aka zaunar da ita gindin bedi, aka ɗora mata faifai a cinya. Da yatsu ta yi tsintar. Ta murza ƙwaya ta ajiye, ta murza wata ta kai hanci ta jefar. Ni mai ido na sake bin wadda ta tsince ban sami ko ɗaya marar kyau ba. Wurin suya ta ce in riƙa miƙo mata ɗaya tana taunawa. Sau huɗu tana cewa da saura, a na biyar ta ce in sauke maza. Aka ruga inji aka dawo, ta sa hannu a cikin niƙan ta ce yauwa, da ɗuminsa ake yi, wanda ya kwana ya huce ba ya sakin mai da daɗi. Kuskurena na farko ke nan.

Na kama muciya. Ita ta riƙe ludayi, matar ɗanta na ɗebo mata ruwan zafi. Ta zuba ɗan kaɗan, abin da bai fi cikin tafin hannu ba, ta ce in tuƙa. Na tuƙa. Na ce a ƙara ruwa, ya yi tauri.

"Bari ya sha wanda aka ba shi."

Na ci gaba. Gumi ya jiƙa mini riga. Na sake cewa a ƙara.

"Ke har yanzu gaggawar nan tana nan," in ji ta. "Saurara. Kina jin shina caɓal-caɓal? Bai shirya ba. In ya fara ƙara kamar sabon takalmi, ki gaya mini."

Ta ƙara ruwa sau uku, kowane bai kai na farko ba. Ta miƙa yatsa ta taɓa, ta ce in duba ko ya bar jikin turmi. Ya bari. Ta ajiye ludayin ta ce daga nan ko ɗigo ba a ƙarawa, kuma kada hannuna ya tsaya ko da wani ya yi sallama. Na tuƙa, na tuƙa, har na fara jin ƙarar da ta faɗa. Abin ya yi duhu, ya dunƙule, sai ga mai yana fitowa ta gefe, yana taruwa, yana hawa. Tun kafin in gaya mata ta sani.

"Ya zo ko?"

Na ce ya zo, Gwaggo.

Muka matse, muka soya ƙuli a cikinsa, ta ce suyar ce ke kore sauran ruwan da ke cikin man, in ba haka ba ba ya daɗewa zai yi wari. Mata suka fara leƙowa ta kan darni suna tambayar gidan wa ake biki. Muna kwashe ƙulin na sami ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce ko Kaka ta taɓa yi mata maganar abin da na faɗa mata ina yarinya.

Ta ce, "Ta yi. Cewa ta yi a ƙyale ki, karatu kike. Ba ta riƙe ki ba. Abin da ya dame ta shi ne ba ta san wa za ta bar wa ba in ni na tsufa."

Da magariba ta gabato aka tuƙa tuwon hatsi da miyar kuka. Gwaggo ta ce a ɗibar mata tata miyar kafin a sa mai. Na ɗiga mata sabon man da kaina. Ta kai kwanon kusa da fuska ta daɗe a haka, sannan ta sa hannu. Ta cinye malmala guda, ta ce ko akwai saura. Matar ɗanta ta tsaya da murfin kwano a hannu tana kallonta, ta juya ta shiga madafa.

Kwana biyu na yi na dawo da kwalba biyu, na bar mata ɗaya. A gida na yi wa maigida shinkafa da wake, na sa cokali ɗaya tak. Ya shinshina, ya dube ni, ya ce rabonsa da wannan ƙamshin tun uwarsa na da rai. Ya cinye. Ba zan ce maka ya daina leƙa bakin tasha gaba ɗaya ba, na san halin kayana. Amma yanzu da rana ana kai masa kwano daga gida, kuma kwanon fanko yake dawowa. Yana shan ƙwayoyinsa. Jinin wata rana ya sauka, wata rana ya ɗan hau, lokotoro ya ce a ci gaba a haka. Ni ban ce man gujiya magani ba ne. Abin da na sani shi ne na san gonar da ya fito, na san hannun da ya tsince shi, kuma wahalarsa ba ta barin in karkata kwalba yadda nake karkata bido.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Gujiya ta yi tsada, ƙannena a ƙauye sun rage shuka ta, gonar Baba an raba ta gida-gida, kowa hatsi da wake yake nema ya rufa asiri. Bafillatanar da ke kawo mana man shanu, jikokinta an ce sun yi kudu da dabbobinsu saboda makiyaya ta ƙare. Maƙwabtana da ke da yara takwas ba zan iya ce musu su bar ƙullin leda ba, na san abin da ke hannunsu. Ni kaina ranar suna ko ranar salla, idan baƙi sun cika gida, bidon nake saya. Kuma kafaɗata ta fara irin ciwon da Inna ke yi, sai yanzu na gane abin da take dafewa.

Mata biyu a layinmu sun ce in kira su duk ranar da zan matsa, na kira su sau biyu, sun zo, ɗaya har da littafi tana rubutawa. Ta tambaye ni ludayi nawa, na ce mata ba a ƙirgawa, ta dube ni kamar ina yi mata rowa. Gaskiyar ita ce ni ma ban gama iyawa ba. Cikin matsa uku sai ɗaya ta ɓaci mini, kuma mai gyara mini tana can Gangara, tafiyar wuni guda, shekarunta sun haura tamanin. Jiya matar ɗanta ta kira ni ta ce kwalbar tsohuwa ta kusa ƙarewa, kuma ta koma ture kwano. Gujiya na nan a buhu bayan ƙofa. Gobe da hantsi zan soya, jibi in Allah ya kai mu in shiga motar farko.